Nazarin lamari: dattijon Tahoua da aka yi wa gashin haske a ƙoda ba tare da tiyata ba

Wanda wannan nazari ya shafa dattijo ne ɗan shekara 74, mazaunin Tahoua, tsohon ɗan kasuwar albasa da ya yi rabin rayuwarsa tsakanin Galmi da Abijan. An sakaya sunansa, Alhaji za mu riƙa ce masa. Ya daɗe da ciwon sukari da hawan jini, zuciyarsa kuma ta yi rauni har ba ya kai masallacin Juma'a da ƙafa sai ya huta a hanya. Ba ƙoda ce ta kai shi asibiti ba. Fitsari ne yake tashinsa sau huɗu sau biyar cikin dare, irin na maza masu shekarunsa, aka tura shi eko, hoton cikin jiki da ake ɗauka da sauti, don a duba mafitsara da furostat, tsokar da ke ƙarƙashin mafitsarar maza. Mai hoton ya zarce da na'urar zuwa kwiɓin hagu kamar yadda aka saba, sai ga dunƙulen tsoka zaune a tsakiyar ƙoda. Ana kukan targaɗe sai ga karaya.

Yawancin ƙananan sankarar ƙoda haka ake gano su, ana neman wani abu daban. Alamomi uku da ɗaliban likita ke haddacewa, wato jini a fitsari, ciwon kwiɓi da ƙulli da hannu ke iya ji, ba sa haɗuwa sai ga kamar mutum ɗaya cikin goma, kuma in sun haɗu galibi ciwon ya yi nisa. A nan gida akwai ƙarin matsala: duk jinin da aka gani a fitsari sai a ce tsargiya ce. Ga yaro mai wanka a tabki zancen na iya zama gaskiya. Ga wanda ya haura hamsin, a yi hoto tukuna kafin a sa wa abin suna.

An tura Alhaji Yamai, tafiyar kilomita kusan 550 ta Ƙonni, Dogon Dutsi da Doso, ya sauka gidan ɗiyarsa, malamar makaranta. Kafin a sa masa ruwan da ke haska jijiyoyi a sikana an auna kireyatinin ɗinsa, wani datti da ƙoda ke tacewa daga jini, aka lissafa ƙarfin tacewar ƙodojinsa ya kama 46. Na lafiyayyen matashi yakan kai 90 ko fiye. In ya faɗi ƙasa da 15 an shiga matakin ƙarshe, inda ake soma zancen wankin ƙoda. Sikana ta nuna ƙari mai faɗin santimita 4.4, ya nutse cikin ƙodar hagu kusa da inda jijiyoyin jini ke shiga, fitsari ke fita. Huhu lafiya, kaluluwa lafiya, babbar jijiyar ƙoda ba komai a cikinta. A ma'aunin likitoci wannan mataki na farko ne: abin da bai wuce santimita 4 ba T1a ake ce masa, daga 4 zuwa 7 kuma T1b. Sai dai hoton ya nuna wani abin da ya dagula lissafi. Ƙodar dama, wadda ya kamata ta ɗauki nauyi in an cire ta hagu, ta ƙanƙance, duk tabon tsohon ciwo a jikinta.

Daga nan wata biyar suka wuce ba a yi komai ba. Alhaji ya koma Tahoua, aka shiga shawara da ƴaƴansa na Abijan ta waya, aka sha rubutu, wani aboki ya kawo jiƙo. Da ya dawo aka sake hoto, ƙarin ya kai 4.9. Ƙananan ƙari na ƙoda yawanci milimita 2 zuwa 3 suke ƙaruwa a shekara, wasu ma ba sa motsi. Rabin santimita a wata biyar gudu ne.

Hanyoyin da aka auna

Maganin da aka fi tabbatarwa shi ne tiyata, kuma ga mai ƙarfin jiki babu wanda ke musun haka. Ko dai a yanke ƙarin a bar sauran ƙodar, ko a ɗauke ƙodar baki ɗaya. Na farko yana da wuya ƙwarai in ƙarin ya zauna a tsakiya kamar na Alhaji: sai an ɗaure jijiyar da ke kai jini a yi ta aiki, zubar jini na iya yawa, kuma sau da dama likita yakan shiga da niyyar yanke ɓangare ya fito da ƙodar duka. Na biyu ya fi sauƙi a hannu, amma zai bar dattijon da ƙodar dama mai tabo, ke nan an tura shi bakin ƙofar wankin ƙoda. Wanda ya san wankin ƙoda ya san ba abin da ake yi wa mutum fata ba ne: sau biyu ko uku kowane mako, awa huɗu a jikin na'ura, har ƙarshen rai. Likitan sa barci kuma, da ya ga hoton zuciyar, ya ce ba zai ɗauki alhakin kwantar da shi awa uku ba sai in babu wata hanya.

Akwai ƙona ƙarin da allura, da zafi ko da sanyi mai daskarewa. Wannan yana aiki sosai in ƙarin bai wuce santimita 3 ba kuma yana gefen ƙoda. In ya fi haka girma yakan bar saura, in yana kusa da manyan jijiyoyi jinin da ke gudu yakan kwashe zafin, ga haɗarin lalata bututun fitsari. Wannan hanya ba ta dace da Alhaji ba ta kowace fuska.

Akwai kuma bari a sa ido, a riƙa hoto lokaci-lokaci. Mutane suna jin wannan kamar sakaci, alhali hanya ce da likitoci suka amince da ita, don tsoho mai ciwon zuciya da ƙaramin ƙari sau da yawa zuciyar ce ke riga ƙarin. Da na Alhaji santimita 2 ne kuma bai motsa ba tsakanin hotuna biyu, a ganina sa idon ya fi, kuma duk kuɗin da iyalin suka kashe da ya zauna a aljihunsu. Girmansa da gudunsa ne suka rufe wannan ƙofa.

Kafin a ci gaba an dakatar da asfirin ɗinsa na ƴan kwanaki aka ɗebi tsokar da allura. Wannan mataki ba na tsallakewa ba ne. A cikin ƙananan ƙari na ƙoda, kusan ɗaya cikin biyar ba sankara ba ne sam. Mai tiyata in ya cire abu yana aika shi ɗakin bincike a gane ko mene ne. Mai gashin haske, wato likitan da ke kashe ƙari da hasken na'ura daga wajen jiki, ba ya cire komai, in bai tabbatar tun farko ba to ba zai taɓa sanin abin da ya gasa ba. Sakamakon Alhaji ya nuna irin sankarar ƙodar da ta fi yawa, mai ƙwayoyi garai-garai, wadda ke kai kashi 70 ko fiye cikin 100.

A nan ne likitan mafitsara ya kawo zancen gashin haske mai saiti, wanda ake taƙaitawa SABR ko SBRT, masu Faransanci kuma su ce radiyoterapi siteriyotaksik. Alhaji ya saurara har ƙarshe sannan ya ce, "Likita, in ba a yanka ni, ƙaƙa za a hidda abin?" Likitan ya ce, "Baba, ba za a fitar da shi ba. Kashe shi za a yi a inda yake." Ɗiyar ta rubuta wannan amsa a littafinta, kuma ta yi amfani daga baya fiye da yadda kowa ya zata.

Shekara da shekaru ana koya wa likitoci cewa sankarar ƙoda ba ta jin haske, kuma da irin gashin da aka saba maganar tana da tushe. Ana ba da Gy 2 a rana (Gy shi ne ma'aunin hasken da tsoka ta sha), kwana biyar a mako, har mako biyar zuwa bakwai. Ƙwayoyin wannan sankara suna gyara ɓarnar ƙaramin kashi kafin gobe, ita kuwa lafiyayyar ƙoda da hanjin da ke maƙwabtaka da ita ba sa jure haske. Sabuwar hanyar ta juya lissafin: kashi mai girman gaske, sau ɗaya zuwa biyar kacal, a wuri matsattse. Irin wannan kashi ya fi ƙarfin gyaran ƙwayoyin, kuma yana lalata ƙananan jijiyoyin da ke ciyar da ƙarin, sankarar ƙoda kuwa mai yawan jijiyoyi ce. Hasken yana shiga ta kusurwoyi da yawa yayin da na'urar ke zagaya majinyaci, kamar mutum ashirin su yi da'ira cikin duhu kowa ya haska tocilarsa a kan ƙwarya ɗaya: kowace hanya haskenta kaɗan ne, ƙwaryar ce ke shan duka.

Hujja mafi ƙarfi da likitan ya dogara da ita binciken FASTRACK II ne, wanda Farfesa Shankar Siva na cibiyar Peter MacCallum da ke Melbon ya jagoranta, aka buga a mujallar Lancet Oncology a 2024. Mutum 70 ne daga Ostareliya da Holan, aka ɗauke su tsakanin 2016 da 2020, dukansu waɗanda tiyata ba ta yiwuwa ko tana da haɗari gare su. Matsakaicin shekarunsu 77, matsakaicin girman ƙarin santimita 4.6. Mai ƙari har zuwa santimita 4 an ba shi Gy 26 a zama ɗaya, wanda ya fi haka Gy 42 a zama uku. An bi su kusan wata 43, ba a samu ko ɗaya da ƙarin ya ci gaba a wurin da aka gasa ba, ba kuma wanda sankarar ta kashe. Mutum 7 sun samu illa mai tsanani, kamar amai, ciwon ciki da matsalar hanji, cikin su 70 ɗin kuma mutum ɗaya ya kai ga wankin ƙoda. Kafin wannan, haɗakar cibiyoyi ta IROCK ta buga a 2022 bayanan mutum 190, inda ƙarin ya dawo a wurinsa ga kashi 5.5 cikin 100 bayan shekara biyar.

Alƙaluman suna da kyau, amma a karanta su da idon basira. Babu rukunin da aka yi wa tiyata aka kwatanta da su kai tsaye, kuma bibiyar shekara uku ko biyar ba ta kai abin da aka tara a kan tiyata cikin gomman shekaru ba. Ɗan shekara 45 mai ƙoshin lafiya da ya ji labarin Alhaji ya ce shi ma ba ya son wuƙa, kuskure zai yi. Wannan hanya ta mutane irin Alhaji ce.

Saura tambayar ina za a yi. Nijar ta buɗe sashen gashin haske na farko a 2021, a Cibiyar Yaƙi da Kansa ta Ƙasa da ke Yamai, da taimakon hukumar makamashin nukiliya ta duniya, kuma tana cikin ƙasashen farko da suka shiga shirin hukumar na Rays of Hope a 2022. Na'urar da aka buɗe sashen da ita ta kobal 60 ce, mai aiki da juriya, wadda ke yi wa mata masu sankarar mama da ta bakin mahaifa babban amfani. Sai dai tushen haskenta yana da faɗi, gefen hasken ba ya yankewa tsaf, kuma ba don harbin abu mai motsi da kashi Gy 14 a lokaci guda aka ƙera irinta ba. Likitocin da suka duba takardunsa suka ce sai waje. Iyalin suka zaɓi wata cibiya a Kasabalanka, don Faransanci da kuma jirgin da ke tashi daga Yamai. An aika hotuna ta intanet aka jira amsa kafin a sayi tikiti, abin da ya kamata kowa ya yi, don akwai waɗanda ke sayar da kadara su isa can a ce musu ba su cancanta ba. Ƴaƴan na Abijan suka yi karo-karo, aka sayar da fili ɗaya.

Mako biyu a Maroko

Makon farko duk na shiri ne. An yi gwajin da ke nuna rabon aiki tsakanin ƙodojin biyu, ya tabbatar da abin da ake tsoro: ta hagu, mai ƙarin, ita ke yin fiye da rabin aikin. Sannan aka kwantar da shi a kan wata katifa da ake zuƙe iskarta ta ɗauki siffar jikinsa, hannuwa sama, aka matse cikinsa da faranti don numfashin ya zama gajere. Ƙoda ba ta zaune wuri ɗaya, kowane numfashi tana sauka tana hawa, santimita ɗaya zuwa biyu, wani lokaci fiye. Don haka aka yi masa sikanar da ke raba numfashi kashi goma, a ga inda ƙarin yake a kowane kashi. Likita ya zana iyakarsa a kwamfuta, ya zana hanji, ciki, saifa, lakar baya da lafiyayyen ɓangaren ƙodar, masanin kimiyyar haske ya yi kwanaki yana lissafin yadda Gy 42 zai sauka a ƙarin ba tare da hanji ya sha fiye da ƙa'ida ba. Hanji ne babban abin tsoro a wannan aiki, don shi ke iya yin gyambo ko ya toshe watanni bayan an gama.

Zama uku aka yi, ana tsallake rana. Kowane zama yakan ɗauki minti 30 zuwa 45, amma hasken kansa ƴan mintoci ne, sauran duk saiti. Na'urar tana ɗauke da tata ƙaramar sikana: kafin a saki haske sai ta zagaya ta ɗauki hoton cikinsa a yadda yake kwance a wannan sa'a, a ɗora shi a kan hoton shiri, a matsar da gadon milimita-milimita har su dace. A zama na biyu hoton ya nuna wani lanƙwason hanji cike da iska ya matso jikin ƙodar, wurin da ba ya nan ranar shiri. Aka sauko da shi, ya zaga, ya ɗan yi tafiya a baranda, bayan awa guda aka sake hoto, hanjin ya janye, sannan aka yi. Da babu hoton wannan rana da hanjin ya sha kashin da aka tanadar wa ƙari, ba wanda zai sani sai ciwo ya tashi.

Bai ji zafi ba, ba a sa masa barci ba, bai kwana asibiti ba. Tashin zuciya ya yi a daren zaman farko duk da maganin da aka ba shi, sai kasala ta kusan mako uku. Da za su taho ya sa ɗiyar ta tambaya ko zai iya ɗaukar jikokinsa, ko a ware masa kwano. Aka ce babu hasken da ya rage a jikinsa, da an kashe na'ura shi ke nan.

Bayan dawowa

A nan ne lamarin ya kusa lalacewa, kuma dalilin rubuta wannan nazari ke nan. Bayan wata shida aka yi sikana a Yamai. Takardar sakamakon ta ce ƙarin yana nan, santimita 4.9, kuma yana shan ruwan hoto. Gaskiya mai hoton ya rubuta, abin da ya gani ke nan. Babban ɗan ya kira daga Abijan ransa a ɓace, ya ce an ci kuɗinsu a banza. Wani ɗan'uwa ya ce ya san inda za a cire ƙodar cikin mako guda. Alhaji da kansa ya ce wa ɗiyar, "To, mi munka yo can?" Ta ce, "Baba, ai sun faɗa mana tun farko ba za a fitar da shi ba. A bari in kai wa likita faifan hoton."

Abin da ya rikita kowa shi ne ƙa'idar karanta hoto ta bambanta. Bayan tiyata, wurin ya zama fayau. Bayan ƙonawa da allura, ƙarin yana nan amma ba ya shan ruwan hoto, in ya sha to akwai saura da rai. Bayan gashin haske ba ɗaya daga cikin biyun da ke aiki. Hasken yana hana ƙwayoyin haihuwa ne, suna mutuwa sannu a hankali, don haka ƙarin yakan ɗauki shekaru yana ƙanƙancewa, yakan ci gaba da shan ruwan hoto, wani ma yakan ɗan kumbura a watannin farko. Da yawa ba sa ɓacewa har abada, tabo suke zama. Abin da ke nuna gazawa shi ne girma mai ɗorewa a hotuna masu bin juna, kuma ma'aunin da ake amfani da shi a bincike ƙaruwar kashi 20 cikin 100 ne. Ƙarin da ya yi rabin santimita a wata biyar sannan ya tsaya cak wata shida, labari ne mai daɗi da aka karanta a matsayin mummuna.

Likitan mafitsara ya ajiye tsohon faifai da sabo gefe da gefe, ya auna ƙarin a wuri ɗaya cikin hotunan biyu, ya aika wa cibiyar Kasabalanka, amsa ta zo cewa haka ake tsammani. Abin da ya ceci ƙodar shi ne ɗiyar ta dawo da komai: faifan hotunan, takardar da ta faɗi kashin da aka bayar da ranakun, da adireshin likitan. Iyalai da dama suna dawowa daga jinyar waje da rasit kaɗai. Tun daga lokacin, duk takardar neman hoto da aka rubuta wa Alhaji ana sa wa a samanta cewa an yi gashin haske mai saiti a ƙodar hagu, a kwatanta da hoton baya.

Ƙodar kanta ta biya nata farashin. Ƙarfin tacewa ya sauka daga 46 zuwa 38 cikin shekara, abin da bai yi nisa da na FASTRACK II ba, inda aka ga raguwar kusan 11 a shekarar farko, kusan 15 a ta biyu, sannan abin ya lafa. Kare abin da ya rage ya zama aikin gida, kuma Tahoua ba wuri ne mai sauƙi ga ƙoda ba: a watannin Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40. An hana shi diklofenak da ibufurofen, waɗanda masu tallar magani ke sayarwa a kowace tasha don ciwon gwiwa, an bar masa farasitamol. An hana jiƙo da sassaƙen da ba a san abin da ke ciki ba. An rage masa metformin, maganin sukarinsa, don in tacewa ta yi ƙasa da 45 ana rage shi, ƙasa da 30 kuma a daina. Zancen azumi ya fi kowanne wuya. Sai da limamin unguwarsu ya zauna da shi a kan hukuncin mara lafiya da ciyarwa kafin ya yarda.

A hoton shekara ɗaya ƙarin ya koma 4.3, huhu ba komai. Tsarin da aka ɗora shi a kai yanzu: awon kireyatinin, sukari da hawan jini a Tahoua duk wata uku, sikanar ciki da ƙirji a Yamai duk wata shida, daga baya a koma sau ɗaya a shekara. In tacewar ta faɗi ƙasa da 30 za a sake duba batun ruwan hoto, a auna girman ba tare da shi ba ko a koma IRM, hoton da ake ɗauka da maganaɗisu. In kuma ƙarin ya ƙaru a hotuna biyu a jere, za a sake ɗibar tsoka, a dawo da zancen tiyata gaban likitan zuciya da na sa barci.